Kalma Uku da Suka Kunyata Ni a Gaban Allo

Ni ɗan tela ne. Shagon mahaifina ɗaki ɗaya ne a bakin kasuwar garinmu, mai ƙofar langa-langa, da kekunan ɗinki biyu: Butterfly guda, da wata tsohuwar Singer da ya ce ta riga mahaifiyarmu shigowa gidan. Ina shekara tara ya ɗora ni kan Singer ɗin, amma bai ba ni ko ƙyalle ba. Takardar buhun siminti ya yanko, ya zana mata layuka da fensir, ya zare zaren daga allura, ya ce in taka in bi layi. Idan na gama sai ya ɗauki takardar ya je bakin ƙofa ya ɗaga ta sama, haske ya ratsa ramukan da allura ta huda. In sun jeru kamar tururuwa sai ya yi shiru. In sun karkace sai ya ce, "Sake." Wata uku na yi ina huda takarda kafin ya yarda na yi kalmasar ƙafar wando. Ba mai yawan magana ba ne. Duk abin da yake faɗa a kan koyo bai wuce, "Hannu ne, yau da gobe."

A wannan shekarar ce, a aji huɗu na firamare, na fara jin maganar da ta zame mini abin tsiya daga baya. Malaminmu na lissafi, Allah ya jiƙansa, duk lokacin da zai sa mu rera jadawalin sau, sai ya buga sanda a tebur ya ce da Turanci, "Faraktis mek fafet!" Mu kuma mu amsa da ƙarfi har ajin kusa su ji. Ya gaya mana ma'anarta: in kana maimaita abu za ka gwanance. Na ji daɗinta ƙwarai, don na ga ashe Turawa ma sun san maganar Baba. Da kunne na ɗauke ta. Ban taɓa ganin an rubuta ta ba, kuma ban taɓa tunanin in nema ba.

Da na shiga sakandare na faɗa ƙungiyar muhawara, sai na ga maganar ta yi mini gajarta. A lokacin muna da wani imani, mu 'yan muhawara, cewa iya tsawon kalma iya ƙarfin Turancinka. Wanda ya ce "big" yaro ne, wanda ya ce "gigantic" shi ake tafa wa. Saboda haka na ɗauki "perfect" na ƙara mata jela ta koma "perfection". Na rufe jawabina da ita a wata muhawara tsakanin gidaje, aka yi tafi har da fito, daga ranar ta zauna. Rubutun kalmar farko kuma daga littafin Turanci na tsince shi, inda ake cewa "Practise the following" a saman aikin gida. Na ga s, na riƙe s. Ka ga yadda na harhaɗa abina: kai daga littafi, ciki daga bakin malamin firamare, jela kuma ƙirar hannuna.

Na tafi da ita kwalejin ilimi, inda na karanta Turanci da Hausa don samun takardar shaidar malanta ta NCE. Za a yi mamakin yadda mutum zai yi shekara biyu a sashen Turanci yana yawo da irin wannan kuskure ba a kama shi ba. Ba abin mamaki ba ne. A jarrabawa ana tambayarka rabe-raben jimla da tarihin adabi, babu mai cewa rubuto karin magana. A baki kuma abokaina ba su fi ni ba, wasu ma a wurina suka ɗauka.

A 2011 aka tura mu koyarwar gwaji, wadda kowa ke kira TP. Ni aka kai ni wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a wani gari da ba namu ba, aka ba ni 'yan aji biyu, yara saba'in da 'yan kai, maza a dama mata a hagu, wasu a benci wasu a ƙasa. Na ɗinka sababbin kaya kala uku a shagon Baba saboda wannan aiki. Kuma don in nuna ni ba irin malaman nan ba ne da ke shiga aji hannu rabbana, sai na ƙirƙiro wa ajina take. Kullum da safe, kafin kwanan wata, kafin sunan darasi, sai in rubuta a saman allo da manyan baƙaƙe:

PRACTISE MAKE PERFECTION

In ja layi biyu a ƙarƙashi. In sa su karanta sau uku. Na kuma umarce su kowa ya rubuta a shafin farko na littafinsa. Mako biyar muna haka.

Ranar wata Talata mai duba mu ya zo daga kwaleji. Dattijo ne mai furfura a gemu, siriri, ba ya ɗaga murya, kuma an san shi da cewa jan bironsa ba ya bushewa. Ya shigo ya wuce can baya, wani yaro ya tashi ya ba shi gefen benci, ya karɓi littafin tsarin darasina ya ɗora a gwiwa. Na yi shiri sosai ranar. Darasin a kan daidaituwar suna da aikatau ne, wato dokar da ta ce in mai aikin tilo ne sai aikatau ya ɗauki s: "he goes", "she reads", "the boy plays". Ka ji fa inda ƙaddara ta kai ni. Ina koyar da dokar a tsakiyar allo, ga ta a karye a samansa da rubutun hannuna.

Na kai wajen rabin darasi sai wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu. 'Yar ƙarama ce, hijabinta ya yi mata yawa, ba ta cika magana a aji ba. Na yi murna, na ce ga dama in nuna wa mai duba ni cewa ɗalibaina suna tambaya. Ta miƙe ta ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, wancan na sama, a bangon littafin yayana ba haka aka rubuta ba. Shi akwai s a ta tsakiyar."

Aji ya yi tsit. Na ji zufa ta keto mini a baya. Da ina da hankali da na juya na kalli allon. Ban juya ba. Na ce, "Ke ce malamar ko ni?" Ta sunkuyar da kai. Na ce, "Wa ya ce ki yi mini Hausa a darasin Turanci? Tsaya a nan har a tashi." Yara suka yi dariya. Ta tsaya minti goma sha biyar tana wasa da bakin hijabinta, ni kuwa na ci gaba da "he goes, she reads" kamar ba abin da ya faru.

Da aka kaɗa ƙararrawa, dattijon ya fita bai ce mini uffan ba. Sai da na fito ina kakkaɓe alli na hango shi a gindin darbejiya yana yafito ni.

"Malam, kalma nawa ka rubuta a saman allonka?"

"Uku, ranka ya daɗe."

"Nawa ce daidai a ciki?"

Na yi shiru.

"Ko ɗaya," in ji shi. Ya buɗe bayan littafina ya rubuta da jan biro, a hankali, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya: Practice makes perfect. Ya miƙo mini. Sannan ya ce, "Wannan ba shi ya dame ni ba. Turanci ba yaren uban kowa ba ne a cikinmu, kullum cikin gyara muke. Yarinyar nan ta ba ka misalin darasinka a kyauta, wanda ya fi duk waɗanda ka rubuto, ka tsayar da ita kamar ɓarauniya. Gobe wa zai sake ɗaga maka hannu?" Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Makin da ya ba ni ranar ban faɗa wa kowa ba har yau.

A ofishin malamai akwai wani tsoho da kowa ke kira Baba, mai tsohuwar takardar malanta ta Grade II, wanda ya fara koyarwa tun kafin shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, na 1976, an yi masa ritaya an sake ɗaukarsa kwantiragi saboda ƙarancin malamai. Mu 'yan TP muna raina shi a ɓoye, don Turancinsa a hankali yake fita kuma ba ya amfani da manyan kalmomi. Shi na samu bayan azahar, na ajiye masa littafin a gaba, na ce, "Baba, don Allah warware mini wannan." Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ya ga abin a allona tun makon farko. Na ce me ya hana shi gaya mini? Ya ce, "Ka taɓa gaishe ni ka zauna?"

Ya ɗauki alli ya rubuta a kan teburin kansa: advice, advise. Ya ce in karanta. Na karanta, ta farko da sautin s, ta biyu da sautin z. Ya ce to, ta farko suna ce, shawarar kanta. Ta biyu aikatau ce, ba da shawarar. A Turancin Ingila, wanda shi muka gada a makarantunmu, haka wasu 'yan kalmomi suke tafiya biyu-biyu: mai c suna, mai s aikatau. Device da devise, licence da license, practice da practise. Matsalar ta ƙarshen nan ita ce a baki sautinsu ɗaya ne, kunne ba zai taimake ka ba. Sai ya ba ni dabara: in na rikice, in cire kalmar in sa advice ko advise a gurbinta, in ji wadda ta zauna. "I need more advice" ya zauna, to "I need more practice" da c ke nan. "I advise every day" ya zauna, to "I practise every day" da s. A karin maganar kuwa, ita ce mai yin aikin, suna ce, dole c.

Kalma ta biyu a taken nawa, wato make, bai ma yi mini bayani ba, littafin darasina ya nuna mini da yatsa. Practice abu ne da ba a ƙirga shi a nan, kamar ruwa ko gari, don haka tilo ake ɗaukarsa, aikatau ya ɗauki s. Abin da yarinyar ta gani ke nan.

A ta uku na ɗan yi gardama. Na ce, "Baba, ai perfection ba kuskure ba ne a nahawu. Perfect sifa ce, me take sifantawa?" Ya ce tana sifanta mutumin da aka ɓoye, kamar a ce "makes you perfect", an cire "you" don magana ta yi kaifi. Sannan ya ce, "Amma bar nahawu. In wani Bature ya zo nan ya ce maka, komai tsawon jifa ƙasa zai sauko, ka gane shi?" Na ce na gane. "Ya yi kuskuren nahawu?" Na ce a'a. "To me za ka ce?" Na yi dariya na ce zan ce baƙo ne. Ya ce, "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Haka aka gaje ta, haka ake faɗarta. Karin magana ba rigar shagon babanka ba ce da za ka ƙara mata aljihu."

Washegari na shiga aji ban rubuta komai a sama ba. Na kira yarinyar gaba. Ta taso a tsorace, tana zaton wani hukuncin ne. Na ba ta alli na ce ta rubuta yadda ta gani a littafin yayanta. Ta yi ɗage ta rubuta, daidai, har da c ɗin da ita kanta ba ta ambata ba jiya. Na juya na gaya wa aji cewa ita ce da gaskiya, ni ne na yi kuskure, kuma na zalunce ta da na tsayar da ita. Na ce mata, "Ki yafe mini." Ta rufe fuska da hijabi ta ruga wurin zamanta. Ban san abin da ya fi mini wuya a rayuwa kamar wannan minti biyun ba, har da ranar da na je neman aure.

Na sa kowa ya buɗe shafin farko ya soke tsohon ya rubuta sabo. Na bi benci-benci na duba da idona. Na ɗauka magana ta ƙare. Da ƙarshen zango, a gwajin da na yi musu kafin in tafi, na sa tambaya ɗaya ta cike gurbi a kan wannan karin magana, don in ba su maki a sauƙaƙe. Ina zaune ina makin takardu da fitilar caji, sai ga "make", ga "perfection", takarda bayan takarda. Ba duka ba, amma da yawa. Mako biyar na safe-safe sau uku ya fi ƙarfin gyaran rana ɗaya. Na ajiye biro na daɗe ina kallon bango.

Da na koma gida na ba ƙanin mahaifina labari. Shi alaramma ne, ya yi shekaru a gabas yana karatu. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce shi ya sa a tsangaya ba a barin almajiri ya haddace allon da ba a yi masa darasu ba. Sai ya rubuta, ya kawo gaban malam, a bi shi baƙi-baƙi, wasali-wasali, a gyara, sannan a ce je ka yi ta maimaitawa. Ya ce yaron da bai karanta aya ba sam ya fi sauƙin koyarwa a kan wanda ya yi tishenta sau ɗari da kuskure, don shi sai ka fara kankare na farko, kuma ko bayan shekaru, ranar da ya gaji ko ya firgita, tsohon ne zai fito. Mahaifina yana gefe yana farke wani ɗinki da reza, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Ko ka farke, ramin allura yana nan."

Na shaida maganar alaramma a kan harshena. Rubutu na gyara shi cikin kwana ɗaya, amma furuci ya ci mini watanni. Wannan karin magana kamar da gangan aka ƙera ta don ta kama Bahaushe: p a farko, p a tsakiya, f na biye da ita. Mu a Hausa ba mu raba p da f, harafi ɗaya gare mu, kuma da leɓɓa biyu muke yinsa ba tare da sun rufe ruf ba. A wajen Katsina da Sakkwato ma ya kan koma kamar hw, ka ji an ce hwara a maimakon fara. Turanci kuwa sautuka biyu ne da ba su haɗa hanya ba: a p leɓɓa suna rufewa gam sannan iska ta fashe, a f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa iska ta zirara. Ga kuma p da r a manne ba wasali a tsakani, abin da harshenmu ba ya so, shi ya sa malamin firamare ya ce faraktis.

Tsohon nan na ofis shi ya koya mini dabarar takarda. Ka yanki siririyar takarda ka riƙe ta a gaban bakinka. In ka furta p daidai za ta yi tsalle, in f ce sai dai ta ɗan karkata. Na dawo gida da wannan sana'a. Bayan sallar isha'i in shige ɗaki in riƙe takarda ina "pa, pa, pa, fa, fa, fa". Ƙannena mata suna laɓe a bakin taga suna mutuwa da dariya. Wata rana Inna ta ɗaga labule ta same ni ina hura wa takarda iska, ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Kai, lafiyarka kuwa? Ko in kira alaramma?" Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da na fara samun p sai ta mamaye ko'ina, na koma cewa "perpect", har "pish" na taɓa cewa ina nufin kifi. Sai da na bi kalmomi biyu-biyu, pan da fan, pull da full, pool da fool, kullum kamar lazimi. Har yau in raina ya ɓaci ko ina sauri, takan suɓuce.

Sai kuma kwamfuta ta so ta rushe mini abin da na gina. Na kai aikin kammala karatuna shagon buga takardu, yaron da ke bugawa ya kira ni ya ce duk inda na rubuta practise na'ura ta ja masa jan layi, ya gyara mini su duka zuwa c. Na ce mayar. Ya ce, "Malam, kai ka fi kwamfuta sani?" Nan na tuna kaina a gaban allo, na sassauta murya. Muka duba tare, ashe Microsoft Word ɗinsa a kan Turancin Amurka yake. Su Amurkawa c suke sa wa suna da aikatau duka, ba ruwansu da rabewar. Bambancin rubutunsu da na Ingila, irin color da colour, center da centre, yawancinsa ya kafu ne ta hannun Noah Webster, wanda ya fitar da babban ƙamusunsa a 1828. Muka sauya saitin zuwa na Birtaniya, jan layin ya ɓace. Abin da nake gaya wa ɗalibaina yanzu shi ne su zaɓi ɗaya su tsaya a kai, kuma tun da na Ingila ake koyarwa a nan, shi za su riƙe. A karin maganar dai ba rigima, ko'ina c ce.

Na ɗauka na gama da kalmar, ashe ɗakunanta da yawa. Shekara biyu bayan haka muka kai Inna asibiti saboda idonta. Likitan ba Bahaushe ba ne, ni nake tafinta. Da ya ce sai an yi aiki, ya ga fuskata ta canja, sai ya ce don ya kwantar mini da hankali, "I have been practising for twenty years." Gabana ya faɗi. Na juya na raɗa wa yayana cewa mutumin nan shekara ashirin yana gwaji bai iya ba, a kan idon Inna zai ci gaba. Allah ya sa ban faɗa wa Inna ba. Da dare na buɗe ƙamus na ga cewa likita da lauya in suna gudanar da sana'arsu, practise ake cewa, ba koyo suke ba. Haka "a practising Muslim" yana nufin wanda yake aiki da addininsa. "In practice" kuma a aikace ke nan, kishiyar "in theory", abin da ke takarda. Hatta "malpractice" da muke gani a allon gargaɗi na ɗakin jarrabawa daga gidan ta fito. Aikin idon ya yi kyau, har yau Inna tana zura zare a allura da kanta.

Kuskurena na ƙarshe da ita ba na rubutu ba ne, ba na furuci ba, kuma shi ya fi tsada. Wani abokina tun na sakandare, aurensa biyu sun mutu, ba duka laifinsa ba, ya sha wahala ƙwarai. Ya sanya katin ɗaurin aurensa na uku a zaurenmu na WhatsApp. Kowa na ta Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a yi da mu. Ni kuma, gwanin Turanci, na rubuta addu'ata sannan na ƙara da "Practice makes perfect", harafi-harafi daidai, c a wurinta, s a wurinta. Wallahi nufina in ƙarfafa masa gwiwa, cewa wannan karon za a dace. Wasu suka turo hoton dariya. Bayan minti kaɗan na ga an rubuta ya fita daga zauren.

Wani daga cikinmu da ya yi karatu a waje ya kira ni. Ya ce, "Kai kuwa me ya kai ka?" Ya bayyana mini cewa ana faɗar maganar ne ga mai koyon wani abin hannu ko na baki, tuƙi, buga na'ura, karatu, ƙwallo, kuma yawanci babba ne ke faɗa wa ƙarami, ko aboki ga aboki. In ka ɗora ta a kan aure, ko rashin lafiya, ko wani abin da mutum ya faɗi a kansa yana jin ciwo, ta tashi daga ƙarfafawa ta koma ba'a, kuma su masu harshen da gangan suke yin haka in suna son zolaya. Na ce ai ban sani ba. Ya ce shi angon ya sani. Sai da na je har gidansu da daddare, na same shi a ƙofar gida, na zauna a ƙasa na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Ya gayyace ni walima, na je, amma sai da aka yi wajen shekara kafin hirarmu ta koma yadda take.

Akwai wani Alhaji daga Maraɗi da ke kawo wa Baba shadda, ya yi bokonsa da Faransanci. Wata rana ina shago ana wannan hira, ya ce su a can abin da aka koya musu shi ne "C'est en forgeant qu'on devient forgeron", wato da ƙira ake zama maƙeri. Alaramma ya ce Larabawa kuma cewa suke maimaici yana koya wa jaki. Ni a raina na Faransawan ya fi kwanta mini, don bai yi alkawarin kamala ba, maƙeri kawai ya ce za ka zama. Na taɓa ganin wasu malaman Turawa suna juya tasu su ce "practice makes permanent", kuma duk wanda ya yi makin takardun nan saba'in da fitilar caji ba zai yi musu da su ba. Baba dai ya saurare mu duka yana taka kekensa, ya ce shi yau da gobe ya sani.

Yanzu shekarata goma sha ina koyar da Turanci. Ba na rubuta take a saman allo. Yarinyar nan ban sake ganinta ba tun da na bar garin, ko sunanta na cikakke ban riƙe ba, amma duk lokacin da hannu ya ɗagu a layin gaba sai na juya na kalli allo kafin in amsa.

Azumin bara, ana saura kwana huɗu sallah, na je gida na tarar ɗinki ya yi wa Baba yawa, idonsa kuma ya yi rauni, yaran shagon biyu duk sun gaji. Na ce bari in taimaka da kalmasa. Rabona da keke ya fi shekara goma. Na zauna kan Singer, na ɗauki wandon wani yaro, na taka. 'Yata ta fari tana tsaye a gefe tana kallon babanta zai nuna gwaninta. Da na gama na miƙa wa Baba. Bai ma kai shi bakin ƙofa ba, da yatsa ya bi layin, ya tsaya a inda ya karkace.

"Hannunka ya kwanta," in ji shi.

Na ce wa 'yata, da Turanci wannan shi ne "out of practice", da c. Ta ce in sake faɗa, na sake, p ɗin ta fita lafiya.

Baba ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur yana lalube, ya jawo guntun takardar siminti, ya ajiye mini a kan keken.

"Cire zaren," ya ce.